Shekarar da Na'ura Ta Ƙi Karɓar Gandunmu

Na sha jin ku, musamman in kun dawo daga Gozaki bayan salla, kuna faɗa a tsakaninku cewa Baba Sabitu ne ya raba gidanmu saboda son kai. Ban taɓa tanka muku ba. Da farko ina ganin ku yara ne, daga baya kuma nauyin maganar ya hana ni. Yanzu na ajiye aiki, gwiwa ta zaunar da ni, likita ya raba ni da gishiri da goro, ba abin da ya rage mini sai baki da alƙalami. To, bari in yi amfani da su tun ina iyawa, don in na tafi da labarin nan a cikina, ku ma gurguwar magana za ku miƙa wa 'ya'yanku, bawan Allah ya ci gaba da ɗaukar laifin da ba nasa ba.

Sai na fara gaya muku mene ne gandu, don na san ku, 'yan birni ne, masara ma sai an gasa ta kuke gane ta. Gandu gona ce ta gida gaba ɗaya. Uba da 'ya'yansa, ko wa da ƙannensa, su fita tare da safe su yi aiki wuri ɗaya, amfanin ya shiga rumbu ɗaya, a dafa a tukunya ɗaya. Kowa yana da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa da yamma, abin da ya samu a nan nasa ne. Amma ci da sha, da ragon suna, da kayan aure, da kai mara lafiya asibiti, duk a wuyan mai gandu suke. Da mahaifinmu ya rasu, mutane suka zuba ido su ga an raba, kamar yadda ake yi a yawancin gidaje. Yaya Mamman, babban wanmu, ya tara mu a zaure, maza da mata, ya ce haƙƙin kowa yana nan ba wanda zai taɓa, amma muddin yana numfashi ba za a sa iyaka a tsakiyar gonar Baba ba. Ya faɗa a gaban dattawan unguwa, muka amince. Sabitu, autan maza, shi ne ƙarfin gandun, don in ya kama huɗa sai ka tausaya wa shanun. Ni da boko ya ɗauke ni zuwa Funtuwa, sai nake aika ladan 'yan ƙwadago a madadin fartanyata, da kaka a aiko mini da masara. Tuwon da kuka ci kuka girma har kuke yi mini Turanci, daga nan yake. Inna kuwa, kakarku, ita ke auna hatsin da za a kai niƙa kowace safiya, matan gida suna karɓar girki bi da bi. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya Mamman ba, tunda ɗan fari ne, sai dai ta ce mana "yayanku".

A shekarar da nake ba ku labari, ina aiki a wani kamfani a Funtuwa da ke ba manoma taki da damina, da kaka su biya da masara. Da aikin sito na fara, kwamfuta kuwa ta same ni da furfura a gemu. Samarin ofis har taruwa suke yi su kalle ni ina buga ta da yatsa ɗaya, kamar kaza tana tsintar tsaba. Ni kuma akwai taurin kai, wanda kuka gada ba ku bar ko kaɗan ba. Na nace mata har sai da ya zama in ta ƙi aiki, Malam Iliya ake nema. Ana nan sai shugabannin kamfani suka sayo wata babbar manhaja da aka rubuta a ƙasar waje, wadda za ta riƙe komai, sito da ma'aikata da motoci da manoma. Ba buhun da zai fita daga sito sai da izininta. Malaman gona kuma aka ba su wayoyi masu wata ƙaramar manhaja. Malami zai je ƙauye, ya rubuta sunan manomi, ya zaɓi irin gonar, ta mutum ɗaya ce, ko gandu, ko ta ƙungiya. Sannan ya riƙe wayar ya zagaya iyakar gonar da ƙafa, wayar ta zana taswirarta, ta auna faɗinta. Daga nan bayanin ya taho Funtuwa, babbar manhaja ta karɓa, ta fitar da takarda mai ɗauke da sunan manomi da taswirar gonarsa. Da wannan takarda ake zuwa sito a ɗauki taki.

An fara rajista ana sharar gona, hadari bai fara haɗowa ba. Wasu bayanan suna shiga lafiya, wasu kuwa sai su dawo da wani jan rubutu na Turanci, ma'anarsa wai rukunin bai dace ba. Iyakar abin da take faɗa ke nan, ba ta ce wane rukuni ba, ba ta ce da me ya ƙi dacewa ba. Na fara zargin sabis, na hau babur har Kafur na tsaya inda ya fi ƙarfi na sake turawa, ja ya dawo. Na zargi wayoyin, na tattaro su na goge manhajar na sake sakawa, ja ya dawo. Na lura yawancin waɗanda aka ƙi manyan gonaki ne, na ce yawwa, girma ne, sai ga wata 'yar gona daga Musawa da ba ta kai filin ƙwallo ba, ita ma an ƙi ta. Na kira kamfanin da ya sayar mana da manhajar a Legas, wani ya amsa da ladabi ya ce sun rubuta ƙorafina, za a duba. Kun san ni da wannan kalma ta "za a duba". A kwanakin nan ko mahaifiyarku sai ta leƙa fuskata kafin ta ajiye mini abinci.

Su kuma malaman gona ba su zauna jirana ba, mutane sun sa su a gaba. Da gwaji da gwaji suka gano cewa in aka rubuta kowa da yankinsa a matsayin gonar mutum ɗaya, nan take ake karɓa. Gandu irin namu ya wuce faɗin da kamfani ya yarje wa mutum ɗaya, don haka ba damar a rubuta shi dunƙule da sunan mai gandu, sai dai a yanka shi. Ni ina ofis ban san da wannan dabara ba, sai da na je gida wata Juma'a. Bayan an sauko daga masallaci muna zaune a zaure, Yaya Mamman ya dube ni.

"Iliya, me muka yi wa na'urarku?"

Na ce ba su yi mata komai ba, matsala ce ta shafi mutane da yawa, ina kan bincike.

"Ba mutane da yawa ba ne," in ji shi. "Masu gandu ne. Ka bi garin nan ka tambaya. Duk wanda ke noma shi kaɗai ya samu takardarshi. Har kasuwar Kafur abin da ake faɗa ke nan, na'ura ba ta son gandu."

Na yi dariya, don ni a lokacin na ɗauka irin maganar majalisa ce. Sabitu bai yi dariya ba.

"Malamin gona ya ce in kowa ya nuna nashi aka zagaya, yanzun nan za ta karɓa," ya ce, yana kallon tabarma. "Ya ce wai na na'ura ne kawai, ba rabon gado ba ne. Ni dai abin da ya ce na faɗa, Yaya."

"Iyakar da aka taka da ƙafa a gaban mutane, ita ce ta na'ura?" in ji Yaya Mamman. "Taki ya zo da sunanka. Da kaka su zo karɓar masara da sunanka. Ina za ka zuba taka kafin su zo, a rumbun gandu? Wanga ba zagaye ba ne, wuƙa ce."

Inna tana daga soro na ciki tana jin mu. Ta ɗaga murya ta ce, "Kai Iliya, ba kai ne aka ce kana iyawa da ita ba? Ka je ka ba ta haƙuri mana."

Na ce su ba ni lokaci, kada a taka komai sai sun ji daga gare ni. Yaya ya ce ya ba ni. Na kamo hanya ina ta jujjuya maganar kasuwar Kafur a raina, kafin in kai Malumfashi dariyar ta bar ni.

Muna da wani kwafin manhajar da ake yin gwaji a kansa, abin da aka saka a ciki ba ya taɓa sito. Da safe na ɗauki waya na zagaya harabar ofis a matsayin gona, direbobi suna kallona suna tunanin tsufa ya fara taɓa ni. Na tura ta a matsayin ta mutum ɗaya, ta shiga. Na sake zagayawa na ce ta ƙungiya ce, wayar ta nemi lambar rajistar ƙungiya, na sa mata, ta shiga. Na sake zagayawa na ce gandu ne, wayar ba ta nemi komai ba, ta tura, ja ya dawo. Fili ɗaya, waya ɗaya, sabis ɗaya. Sai na buɗe wurin da manhajar ke ajiye bayanin duk abin da ya faskara, wurin da na daɗe ina gudu saboda dogayen layuka ne da ke sa ido ruwa. Na bi su da yatsa a hankali. A ƙarƙashin jan rubutun, can ƙasa, akwai wani layi da ke cewa ba a samu lambar rajistar ƙungiya ba. Na ce da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki, "Wa ya yi miki maganar ƙungiya?"

Wannan karon da na kira Legas na ƙi ajiye waya sai an haɗa ni da wanda ya kafa mana manhajar. Aka haɗa ni da wata Injiniya Hauwa. Da ta ji Turancina yana tuntuɓe saboda fushi, sai ta juya Hausa, ashe 'yar Zariya ce. Na karanta mata layin. Na ji tana buga kwamfuta, sannan ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce tsakanin wayar da babbar manhaja akwai wani jadawali, aikinsa kamar na tafinta, yana gaya wa babbar cewa abin da waya ta kira kaza, ke a wurinki rukuni kaza ne. Ita kuwa babbar rukuni uku kawai ta sani, mutum ɗaya, ƙungiya mai rajista, da kamfani.

"Ga shi nan, Baba," ta ce. "An haɗa gandu da ƙungiya. Ni ce ma na haɗa. Ƙungiya kuwa ba ta shiga sai da lamba, shi ya sa ake korar su."

Na tambaye ta me ya kai ta.

"Lokacin da muke kafawa na tambayi ofishinku mene ne gandu, don ni a bariki na tashi, sunan kawai nake ji. Aka ce mini gona ce da mutane da yawa ke nomawa tare. To, mene ne wannan in ba ƙungiya ba?"

Na buɗe baki zan yi faɗa, na rasa wanda zan yi wa. Ban san wanda ya ba ta amsar ba, ban kuma nema ba, don bai yi ƙarya ba. Duk mu da ke ofishin nan 'ya'yan gandu ne, mun san shi sanin da bai taɓa zuwar mana a rai cewa yana buƙatar bayani ba. Ba wanda ya tuna ya ƙara da cewa mutanen nan da yawa nono ɗaya suka sha, kuma ba hukumar da ta taɓa ba su lamba. Na gaya mata haka. Ta yi ta maimaita innalillahi, har na koma ni nake ba ta haƙuri.

Ta ce gyara hanya biyu ne. Ta kusa ita ce ta kwance gandu daga ƙungiya ta haɗa shi da rukunin mutum ɗaya, ta cire ƙa'idar faɗi. Wannan kafin la'asar an gama. Amma ta ja kunnena cewa rukunin mutum ɗaya suna ɗaya yake ɗauka, don haka takarda za ta fito da taswirar gandun gaba ɗaya da sunan mai gandu shi kaɗai, a matsayin mai gonar. Ta nesa ita ce a ƙirƙiri sabon rukuni na gandu, mai ɗaukar sunan shugaba da na duk masu haƙƙi. Wannan sai babban ofis ya amince, sai an gwada shi da ɓangaren sito da na karɓar masara don kada a gyara nan a ɓata can, kuma ba za ta iya yi mini alkawarin rana ba.

Na kai wa Manaja maganar. Mutumin kirki ne, amma shi ma ana hura masa wuta daga sama. Na roƙe shi a ba masu gandu taki da hannu kafin a gama gyara, ya ce an hana shi, buhu ɗaya ya fita ba izinin manhaja aikinsa ne zai tafi.

"Malam Iliya, kai ne mai kwamfuta," ya ce. "Wadda ka sa wa hannu ita za a bi. Amma ka leƙa taga ka ga gabas. Ruwa ba ya jiran babban ofis."

Na san ba ya jira. Na kuma san wani abu da Injiniya Hauwa ba ta sani ba, shi ne yadda mutanenmu suka ɗauki takardar nan. Ba su taɓa samun wata takarda mai suna da taswirar gonarsu ba, don haka a leda suke naɗe ta su sa a ƙasan akwati. Tun a lokacin har an fara fito da ita a gaban mai unguwa in an yi rikicin iyaka. Da a ce duk masu gandu irin Yaya Mamman ne, da na sa hannu ban ko zauna ba. Amma na san gidaje, ba sai na kira suna ba, inda mai gandu ke jiran irin wannan dama, akwai marayu a ƙarƙashinsa, akwai 'yan'uwa mata da ke gidajen aure a nesa. In na ba shi takarda mai cewa gonar tasa ce shi kaɗai, da hannuna na ba shi. A ɗaya gefen kuma ga gidanmu, ga alkawarin da na sa suka yi mini. Na yi alwala na yi sallar azahar, na dawo na sa hannu a kan hanyar nesa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Masara ta tsiro kyakkyawa, don ƙasarmu ba ta rowa da farko, amma kun san masarar yanzu, in lokacin takin farko ya wuce ba ta yafewa. Takin kasuwa a shekarar ya fi ƙarfinmu. Na sayi abin da albashina ya iya na aika, bai rufe ko gefe ɗaya ba. Kullum ina kiran Injiniya Hauwa, ita ma Allah ya saka mata, ta ɗauki abin kamar gonar mahaifinta, amma takarda tana kan teburin wani, shi kuma yana taro. Maƙwabtanmu da suka yarda aka yanka nasu, buhunansu suna jibge a zaure, masararsu ta yi kore shar.

Wata safiya ina zaune sai ga Sabitu a ofis, ƙafarsa duk laka. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba sai ranar. Ya gaishe ni, ya ajiye wata masara da ya tumɓuko da saiwarta a kan teburina, kusa da kwamfuta. Ganyen ya koma rawaya tun daga ƙasa. Shi ne mai 'ya'ya da yawa a gidan, kuma bara tsutsa ta cinye gayaunarsa, ba shi da komai a ajiye.

"Ban zo faɗa ba, Yaya," ya ce. "Na zo in ji ne. Akwai hanyar da za a buɗe mana yau?"

Da na so, da na ce masa babu. Sai na juya masa kwamfutar na gaya masa gaskiya, cewa akwai, kuma ni na ƙi. Na faɗa masa dalili. Ya dubi masarar, ina jiran ya ɗaga murya, don yana da haƙƙin ya ɗaga.

"Ashe sunan mutum ɗaya za ta sa," ya ce. "To, bar shi. Akwai gidan da in aka yi haka a unguwarmu, marayun nan sun shiga uku. Ka yi mai kyan. Za mu jira."

Ya tashi ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Wannan shi ne mutumin da kuke cewa mai son kai.

Gyaran ya iso bayan wasu kwanaki. Injiniya Hauwa ta kira da safe, ta ce in gwada. Na sake zagaya harabar ofis, na ce gandu ne, wayar ta tambaye ni sunan mai gandu, ta buɗe wurin sa sunayen sauran, maza da mata, na tura, ta shiga. Na yi kabbara har Manaja ya fito. Na ce gidanmu zan fara turawa, wannan son kan kam na yarje wa kaina. Na nemo Gozaki, na nemo sunan Yaya Mamman. Sai na ga bayaninsa ba ja a kai, an riga an karɓa, an ba da taki. A ƙarƙashinsa ga sunan Sabitu, shi ma an karɓa. Na buɗe taswirar. Gonar Baba ce, na san kowane lungu nata, amma ga layi ya ratsa ta daga bakin rafi har gindin ɗorawar da muke cin fura a ƙarƙashinta. Na tambayi Injiniya ko za a iya mayar da su ɗaya. Ta ce tunda taki ya fita da sunaye biyu, sai dai wata damina.

Na samu Yaya Mamman a gona yana zuba taki da hannunsa. Bai bari na gama sallama ba.

"Ni na kira malamin gona," ya ce. "Kada ka je ka tuhumi Sabitu. Har kuka ya yi mani, ya ce a jira ka, ya ce ka kusa. Na shiga gonar nan da safe na ga abin da na gani, na dawo gida na ga yara suna wasa a tsakar gida, na ƙirga bakuna. Iliya, aikin mai gandu ciyarwa ne. In na riƙe gona ɗaya rumbu ya zama wayam, me na riƙe? Ni na shiga gaba, malamin yana bina da waya. Naka da na 'yan'uwanka mata na kasa su cikin biyun, amana ce, duk ranar da kuka so ku karɓa."

Na ce masa an gyara, yau da safe aka gyara.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Wasu sun tsira ke nan." Ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa.

Wasu kuwa sun tsira. A wajen Musawa da ƙauyukan Malumfashi inda ruwa ya makara, gandaye da yawa suka shiga dunƙule, takardunsu ɗauke da sunan kowa har na mata. Har yau in na tuna haka ina jin daɗi, kuma da za a maido ni gaban Manaja, abin da na sa wa hannu shi zan sake sa wa. Amma daɗin bai taɓa cire mini zafin ba. A gari kuwa mutane suka yanke hukunci da kansu. Sun san Yaya ya yi alkawari a gaban dattawa, sun san Sabitu ne mai tarin 'ya'ya, sai suka ce ai ƙaramin ne ya matsa. Sabitu ya ji, ya yi shiru, don in ya musa, wansa ne zai zama wanda ya karya maganarsa a idon gari. Haka ya ɗauka ya rungume, har Yaya ya koma ga Allah, har maganar ta iso kunnenku.

Abin da Yaya ya hango kuwa shi ya faru. Da kaka kowa ya zuba masararsa daban saboda masu zuwa karɓa, Sabitu ya gina ɗan rumbunsa, da damina ta zagayo ba wanda ya ɗaga maganar haɗewa. Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga katanga ba, tukunya dai ta zama biyu. Ranar da aka fara girki daban ina gida. Na shiga ɗakin Inna bayan azahar na same ta zaune da kwanuka a gabanta, matar Yaya ta aiko da tuwo da miyar kuka, matar Sabitu ta aiko da nata da miyar kuɓewa, kowace tana gudun a ce ita ce ta bar tsohuwa. Inna ta kalli wannan ta kalli wancan. Sai ta ja babban kwanonta, ta juye tuwon duka a ciki, ta kwarara miyar kuka, ta kwarara ta kuɓewa a kai, ta cakuɗa da hannunta.

Na ce, "Haba Inna, ai kin ɓata miyar."

"Wanke hannu ka zo mu ci," ta ce. "Ni dai ba a zagaya ni da waya ba."

Miyar ba ta yi daɗi ba, gaskiya. Na sunkuyar da kai don kada ta ga idona, na ci har na suɗe kwanon. Haka ta riƙa cin abincinta kullum, har ranar da ta bar duniya.